Kwat Ɗin Dahab

Ina zaune a gidan shayinmu na bayan tsohuwar silima, na ɗora ƙafa a kan kujerar da ke kusa da ni don kada wani ya janye ta, sai wayata ta yi ƙara. La'asar ta kusa. Kujerar ta Dahab ce. Ko yana nan ko ba ya nan, ni nake tsare masa ita. Na duba na ga Ummu Hani ce, matar da ke kula da tufafin 'yan wasa a wurin ɗaukar fim. Ba ta saba kirana ba.

Ta ce, "Mitwalli, a zaune kake ko a tsaye?"

Na ce, "A zaune nake, Hajiya. Lafiya dai?"

Ta ce, "Abokinka ne. Allah ya yi masa rasuwa a nan wurin aiki. Ka zo, babu wanda ya san lambar 'yarsa." Sai kuka ya ƙwace mata. Cikin kukan take cewa, "Kwat ya sa, Mitwalli. Tun safe ake nemansa, yana zaune a gabanmu da kwat a jikinsa."

Ban san lokacin da na sauke ƙafata daga kan kujerar ba. Mai shayi ya zo ya tsaya a kaina yana tambaya. Kujerar kawai na nuna masa.

Sunansa Dahab Shallali. Duk wanda ya taɓa kallon wasannin talabijin na watan azumi a ƙasar nan ya gan shi, ko da bai san sunansa ba. Shi ne baƙin mutumin nan dogo mai farar jallabiya da rawani, wanda yake zaune a benci a ƙofar bene, ya zabura ya buɗe ƙofa idan motar maigida ta iso. Wani lokaci shi ke riƙe da tiren shayi. Wani lokaci shi ake mari don mutane su yi dariya. Fiye da shekara talatin yana wannan aikin, ni kuma ina gefensa.

A unguwar Abidin aka haife shi, a tsakiyar Alƙahira. Mahaifinsa mutumin Nuba ne, ƙabilar baƙar fata ta can kudu, ya taho birni bayan ruwan madatsa ya shanye ƙauyensu, ya yi aikin kuku har ya mutu. Dahab ya tashi da son wasan kwaikwayo. Yana da murya mai zurfi, irin wadda idan ya yi sallama daga bakin titi sai na cikin gidan shayi su waiwaya. Larabcinsa kuwa ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Ni ɗan ƙauye ne daga wajen Tanta, har yau harshena bai gama wayewa ba. Amma duk ranar da aka tsayar da shi gaban kyamara sai a ce masa, "Karya harshen, Baffa. Yi irin maganarku." Ya ce musu ai maganarsa ta asali ke nan yake yi, su ce a'a, ba haka mutane suka sani ba. Sai ya karya. Ya mai da namiji mace, ya mai da mace namiji, a yi dariya, a ce an gama.

Mu 'yan cika fage ne. Kumbars ake ce mana. Mu ne mutanen da ake gani a bayan manyan 'yan wasa, muna tafiya a titi ko muna tafi a wurin biki. Aikinmu yana da ƙa'ida ɗaya da wanda ba ya ciki ba zai sani ba: kowa da tufafinsa yake zuwa. Manya ne ake ɗinka wa kaya. Kai kuwa abin da ke cikin jakarka shi ne kai. Mai jallabiya manomi ne ko mai gadi. Mai kwat kuwa ana iya sa shi a teburin manyan baƙi, ko a kujerar 'yan majalisa, ko a cikin lauyoyi. Saboda haka duk ɗan kumbars mai hankali abin da yake fara nema shi ne kwat.

Dahab ya nemi nasa tun kafin ya yi aure. A kasuwar gwanjo ta Bulak ya same shi, shuɗi mai duhu, na ulu, ya kai wa tela ya gyara masa kafaɗa. Yana naɗe shi cikin farin zane, ya sa a jaka tare da farar riga da nektai, jallabiyar mai gadi kuma ya cusa ta a ƙasa.

Ranar da muka haɗu, ranata ce ta farko. Zaglul, mutumin da ke zuwa gidan shayi ya ɗebi 'yan kumbars idan kamfani yana bukata, ya tara mu a farfajiyar wani babban gida. Ya ce za a ɗauki bikin aure na masu kuɗi, masu kwat su tsaya dama. Ni ba ni da shi, na tsaya ina raba ido. Dahab ya ɗauki jakarsa ya nufi dama.

Zaglul ya ce, "Kai dogo, ina za ka?"

Ya ce, "Ina da kwat, Alhaji."

Zaglul ya yi dariya ya ce, "Allah ya sanya alheri. Ajiye shi ka sa jallabiya, kai za ka zagaya da ruwan lemo."

Dahab ya tsaya ɗan jim. Sai ya juyo, ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce, "Kai, ɗan ina ne?"

Na ce, "Tanta."

Ya ce, "Da gani. To ɗan Tanta, zo nan. Kada ka zauna da shi a ƙasa, kada ka ci wake da shi, kada ka ɗaga hannu sama da kafaɗa. Idan ka ɓata mini shi, har Tanta zan bi ka."

Hannun ya yi mini tsawo, ya naɗe shi ciki da allura. A ranar na zama ƙanin uban amarya. Shi kuma ya zo gabana da tire ya rusuna, ya ce a hankali yadda babu mai ji sai ni, "Ranka ya daɗe Basha, ka zubar mini a kan kwat ka gani."

Daga ranar Basha, laƙabin manyan masu faɗa-a-ji, yake ce mini idan yana son tsokana, ɗan Tanta idan maganar gaske ce. Ni kuma Baban Nabra nake ce masa tun da aka haifi 'yarsa. Kwat ɗin nan ya shiga talabijin ba iyaka. Ya je bukukuwa, ya zauna a kotu, ya bi gawar wani attajiri, ya taɓa yin ministan ruwa na ɗan lokaci. Duk a jikina. Na yi niyyar sayen nawa, ya hana ni. Ya ce gara kwat ɗin ya riƙa fita yana shan iska, ya saba da fitilu, don ranar da za a kira mai shi kada ya ji kunya. An canza masa shafi, an canza maɓallai, an rage faɗin wuyansa da zamani ya canza. Kullum da shi muke fita a jaka, kullum Dahab yana tambayar Zaglul, kullum amsar ɗaya ce.

Da farko abin wasa ne a tsakaninmu. Nabra ce ta sa ya daina zama wasa.

Ita kaɗai Allah ya ba shi. Tana 'yar makarantar firamare aka nuna wani wasa da ya yi farin jini. Dahab ne mai gadi a ciki, kuma duk wanda ya zo neman maigida sai ya buɗe ido ya ce, "Maigida ba ta nan!" Maganar ta kama gari. Direbobi suna faɗa, masu sayar da kayan miya suna faɗa. A makaranta kuwa, da Nabra ta shigo aji sai yara su haɗa baki su faɗa mata. Ba ta gaya wa kowa ba. Wata rana Dahab ya je ɗauko ta, yara suka gan shi a bakin ƙofa, suka kewaye shi suna ihu. Shi ya ɗauka ƙauna ce, har ya faɗa musu maganar don su ji daɗi. A hanyar gida ta zare hannunta daga nasa ta ce, "Baba, don Allah kada ka ƙara zuwa makarantarmu."

Ya zo gidan shayi ya zauna, aka kawo masa shayi ya huce bai taɓa ba. Can ya ce mini, "Ɗan Tanta, sau ɗaya nake so. Sau ɗaya yarinyar nan ta kunna talabijin ta gan ni a zaune a kan kujera da kwat ɗina, ana kirana da suna. Daga nan ko mari ne su ci gaba."

Nabra ba ta ƙi ubanta ba, kada wani ya fahimce ni a karkace. Ta girma tana yi masa biyayya, ta yi karatun jinya, ta yi aure a Aswan, can kudu wajen danginsu. Bayan rasuwar uwarta kullum sai ta kira shi. Amma ba ta kallon wasanninsa. Idan ta ji muryarsa a talabijin sai ta tashi ta shiga kicin. Ni kuwa idan ta gan ni sai ta ce, "Baffa Mitwalli, na ga kwat ɗin Baba jiya a wurin biki, ya yi kyau." Tana dariya take faɗa, shi ma ya yi dariya, amma ni ba na iya haɗa ido da shi.

Shekara uku da suka wuce wani matashin darakta, Ustaz Nadir, ya ji Dahab yana karanta wa wani sabon ɗan wasa layukansa a bayan fage, da muryarsa ta gaskiya. Ya tsaya ya saurara. Ya ce, "Baffa, haka kake magana?"

Dahab ya ce, "Haka nake magana tun ina shan nono, ɗana."

Ustaz Nadir ya ce yana da wani ɗan matsayi a wasan azumi mai zuwa. Shugaban makaranta ne, fita ɗaya kawai. Jarumin wasan zai zo da taƙama don an kori ɗansa, shugaban ya zaunar da shi ya gaya masa gaskiya. Ya tambaye shi ko yana da kwat.

Ina wurin. Dahab ya juyo ya dube ni. Ni na ce, "Yana da shi, Ustaz. Kwat ɗin ma ya fi wasu 'yan wasanku daɗewa a harkar."

Ranar ɗauka ni na ɗaura masa nektai. Tela ya saki hannun da aka naɗe saboda ni. An rubuta suna a kan teburin, Ustaz Abdulgaffar, shugaban makaranta. Ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan teburin. Jarumin ya shigo yana faɗa, Dahab bai ɗaga murya ba, ya ce masa, "Zauna tukuna. A ofishin nan ba a yi mini magana a tsaye." Wallahi jarumin sai da ya manta layinsa. Da aka gama masu fitila suka tafa. Ni ina bayan allo ina share hawaye da hannun rigata.

Ya kira Nabra a ranar. Ta ce za ta zo.

Mutanen ƙauyen mahaifinsa suna da ɗakin taro a Abidin, inda suke zaman makoki da ɗaurin aure. Can ya shirya kallon. Ya ɗauko babban talabijin daga wurin wani maƙwabci, ya jera kujeru. Mata suka yi miyar lalo da kaji, aka cika tuluna da zoɓo. Nabra ta taho a jirgin ƙasa ita da mijinta. Aka sha ruwa, aka yi sallah, aka zauna. Ya zaunar da ita a layin gaba kusa da shi. Bai sa kwat ɗin ba, ya ce a talabijin za ta fara ganinsa da shi.

Wasan ya fara. Aka kori yaron daga makaranta. Jarumin ya shiga mota a fusace. Dahab ya taɓa gwiwar Nabra ya ce, "Yanzu ne." Aka buɗe ƙofar ofis. Teburin nan ne, sunan nan ne a kai. Amma wani farin mutum mai tumbi ne a zaune a kujerar. Ya buɗe baki ya ce, "Zauna tukuna."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To ina Dahab ɗin?" Nabra ta kama hannunsa ta riƙe. Shi kuma bai ɗauke ido daga talabijin ba har aka shiga talla, kamar yana jiran a gyara kuskure.

Washegari muka je kamfanin. Aka bar mu a tsaye a ƙasan bene. Da Ustaz Nadir ya fito, kansa a sunkuye, ya ja mu gefe. Ya ce mai kamfani ne ya kalli fitar ya ce a sake ta. Wai masu kallo ba za su yarda baƙin mutum ya zaunar da jarumi ya yi masa faɗa ba, dariya za su yi, kuma kowa ya san fuskar nan a bakin ƙofa. Ya ce ya yi musu, bai yi nasara ba, kuma kunya ce ta hana shi kiranmu. Ya roƙe mu kada mu ce shi ya faɗa.

Dahab ya ce, "Da ka kira ni, ɗana. Da ban tara mutane ba."

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ya haɗiye kamar yadda ya saba. Amma a cikin wasan nan dai, kafin azumi ya ƙare, aka nuna wani ɗan barkwanci an shafa masa baƙin fenti a fuska, an naɗa masa rawani, yana karya harshe yana tsalle. Wata 'yar jarida ta zo gidan shayinmu tana tambayar 'yan kumbars ra'ayinsu. Kowa ya noƙe. Dahab ya ce ta kunna wayarta. Ya faɗi komai, bai zagi kowa ba, bai kama sunan darakta ba. Ya buɗe jakarsa ya nuna mata kwat ɗin. Ya ce shekara talatin yana ɗauke da shi, kuma abin da ya hana shi sawa a gaban kyamara launin fatarsa ne, ba wani abu ba.

Maganar ta bazu. Kwana biyu ana kiransa daga ko'ina, har na fara sa rai. Sai kamfanin ya fitar da bayani cewa matsalar haske ce aka samu a ɗaukar farko, fuskarsa ba ta fito ba, kuma a ƙasar nan babu wani bambancin launi, duk 'yan uwan juna ne. Wani mai gabatar da shiri ya ce tsoho ne yake neman suna. A intanet mutane suka yi ta rubuta masa "Maigida ba ta nan" da hoton dariya. Muka je ƙungiyar 'yan wasa da ƙara, aka ce ɗan kumbars ba ɗan ƙungiya ba ne, ba su da hurumi. Bayan sallah kowa ya manta da zancen, sai masu ba da aiki. Su ba su manta ba.

Zaglul ya daina kallon inda yake. Yakan shigo ya nuna mutane da yatsa, ya nuna ni, ya tsallake kujerar da ke gefena. Na ce masa, "Alhaji, ga Dahab fa." Ya ce, "Ni ban ga kowa ba. Kai ma idan kana son a daina ganinka, ci gaba." Mutanen da muka shekara muna wasan domino tare suka fara ja da kujerunsu baya. Na ce ni ma na bar aikin. Dahab ya ce, "Ka bari mu zama mayunwata biyu? Wa zai sai mini shayi?" Ya tura mini jakar kwat ɗin ya ce in tafi da shi gida, ya gaji da ɗaukarsa.

Wannan ne abin da ya fi tsorata ni. Ban taɓa ganinsa babu jaka ba.

Duk da haka kullum sai ya zo. Ya zauna tun hantsi, ya ajiye wayarsa a kan tebur, fuskarta a sama. Idan ta yi ƙara ya zabura, sai ya ga Nabra ce ko masu talla. Ya rame. Ciwon sukari ya taso masa, ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashinsa ya yi gajere. Wani ɗan uwansu ya samo masa aikin gadi na gaske a wani bene a unguwar Dokki. Ya karɓa, don babu yadda zai yi. Bai yi wata ba ya bari. Mazauna benen sun gane shi, duk wanda ya yi baƙi sai ya sauko da su ya ce, "Baffa, faɗa musu maganar nan mana." Suna ɗaukarsa a waya.

Nabra ta yi ta roƙonsa ya koma Aswan. Ta ce ta gyara masa ɗaki mai kallon kogi. Ta kira ni tana kuka ta ce, "Baffa Mitwalli, ka gaya masa ni ban damu da kwat ba. Yarinya ce ni lokacin da na faɗi maganar nan. Ubana nake so." Na gaya masa kalma da kalma. Ya ce, "Na sani. Amma na tara mata mutane, ɗan Tanta. Ta zo a jirgin ƙasa." Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na ce idan kuɗin mota ne ni zan kai shi har ƙofarta. Ya ce sai bayan azumi. Azumi ya wuce ya ce sai an shiga sanyi.

Sai ga shi a makon da ya wuce Zaglul ya kira shi. Wanda suke sawa a mai gadi ya kwanta asibiti, ɗauka kuma ba ta jira. Ya ce masa an yafe masa, ya zo da jallabiyarsa, ya kama bakinsa.

Abin da ya faru a can, Ummu Hani ce ta gaya mini da na isa. Babban gida ne a bayan gari, za a ɗauki liyafa. An kafa rumfa an jera kujeru don masu kwat. Dahab ya iso da safe da kwat a jikinsa, da nektai, takalmi a goge, babu jaka. Ya wuce bencin da aka ajiye a bakin ƙofa, ya je ƙarshen layin kujerun ya zauna, ya ɗora hannayensa a kan gwiwa. Ma'aikatan duk sababbi ne. Mataimakin darakta ya yi ta kai da kawo a gabansa yana ihu, "Ina mai gadin nan? Ina baƙin mutumin da Zaglul ya turo?" Bai kira suna ba, don ba a ba shi suna ba. Dahab bai motsa ba. 'Yan kumbars ɗin da suka san shi suka kawar da kai, kowa yana tsoron a ce tare suke. Ma'aikatan kuwa sun ɗauka baƙon kamfani ne, wani ɗan kasuwa daga waje. Har aka aika masa da shayi a tire, aka rusuna aka ce masa ranka ya daɗe.

Da suka gaji da nema, suka kama wani direba suka shafa masa baƙin fenti, suka naɗa masa rawani, aka ɗauki fitar. Ummu Hani tana ciki tun safe tana fama da rigunan mata. Da ta fito bayan azahar ta hango kwat ɗin, ta ɗauka ni ne. Ta matso don ta tsokane ni. Ta same shi kansa ya ɗan karkata, idonsa a rufe, shayin yana gefensa bai taɓa ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma ya jima da cikawa.

Na kira Nabra. Ban san yadda na haɗa kalmomin ba. Ta iso da safe, kai tsaye daga tasha zuwa asibiti. Na roƙi ma'aikatan kada su cire masa komai sai ta zo, suka yi mini wannan alherin. Aka yaye zanen. Ta tsaya tana kallonsa. Nektai ɗin ya karkace, shi ya ɗaura da kansa, bai taɓa iyawa ba. Ta sa hannu ta daidaita shi, ta shafa wuyan kwat ɗin ta kwantar. Ta ce, "Baffa Mitwalli, ashe tun farko daidai jikinsa yake." Sai ta kifa kanta a ƙirjinsa.

Mun binne shi a Aswan kusa da matarsa. Daga kamfanin babu wanda ya zo. Ustaz Nadir ya kira ni yana kuka, na saurare shi har ya gama. Kwat ɗin yana wurin Nabra. Ni ban koma aiki ba, ban san ko zan koma ba. Ina zuwa gidan shayi in zauna, kuma har yanzu idan wani ya kama kujerar nan sai in ji ƙafata ta kai kanta.

Jajiberin ranar da ya rasu, Dahab ya zo gidana da hantsi. Benen namu hawa huɗu ne, sai da ya huta sau da yawa kafin ya iso. Na buɗe ƙofa na same shi ya dafa bango yana haki.

Ya ce, "Basha, na zo karɓar kayana."

Na ce, "Shigo ka zauna tukuna. Wane kaya?"

"Kwat. Ko ka sayar?"

"Na ji Zaglul ya kira ka. Ai mai gadi suka ce."

"Haka suka ce."

"To me za ka yi da kwat?"

Ya ce, "Sawa zan yi. Ko akwai wani abin da ake yi da shi a Tanta?"

Na ɗauko masa. Ya warware zanen, ya ɗaga shi wajen taga, ya shinshina. Ya ce, "Ka ci wake da shi."

Na ce, "Wallahi ban ci ba."

"Shekara talatin ina gaya maka."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na kawo masa ruwa. Da ya lafa na zauna kusa da shi na ce, "Baban Nabra, don girman Allah kada ka yi haka. Ka je ka yi musu abin da suke so, ko kuma kada ka je sam, in kai ka tasha yau ɗin nan. Idan ka je a haka korar ka za su yi a gaban yara."

Ya ce, "Kafin su kore ni ai sai sun dube ni."

"To bari in bi ka."

"A'a. Su ganka tare da ni, kai ma ka zauna a gida? Zama kawai zan yi, ɗan Tanta. Idan sun kira Dahab, zan tashi in yi musu duk abin da suke so. Ko marin ne."

"Idan ba su kira ba fa?"

Ya naɗe kwat ɗin a hankali, ya rungume shi a ƙirji, ya miƙe. Na raka shi bakin bene. Ya sauka 'yan matakai, ya juyo ya ɗago kai.

Ya ce, "Ka tsare mini kujerata. Gobe kafin la'asar ina nan."

Na ce, "Tana nan, Baban Nabra. Babu mai taɓa ta."